Sai Murjanin Baba Ya Tashi

"Ɗaga ƙafarka, Efrain! Kada ka taka!"

Yaritsa ta fizge bututun numfashi daga bakinta tana ihu, amma ina! Saurayin nata ya riga ya miƙe tsaye cikin ruwa yana haki, rassan murjanin da ke tsirowa a ƙasan teku suna kakkaryewa ƙarƙashin ƙafafunsa.

Ba kowane murjani ba kuwa. Wanda mahaifinta Don Wilfredo ya yi shekara da shekaru yana dasawa ne a gaɓar tsibirin Kulebra, reshe bayan reshe, tun ranar da guguwa ta share na da.

"Kin ga... ruwa ne ya shige min gilashin iyo," in ji Efrain. "Damaris ta ce in na gaji in tsaya kawai, wurin ba zurfi."

"Damaris! Wadda ta so ka, ka ƙi ta? Ita ka tambaya, ni ina raye?"

Ya sunkuyar da kai. Manomin kofi ne daga kan duwatsu, bai iya iyo ba, kunya kuma ta hana shi faɗa mata. Takaici ya cika Yaritsa har wuya. A ranar da zai nemi aurenta ya zaɓi yin wannan aika-aika!

Don Wilfredo yana cikin kwalekwale, komai a idonsa. Ya nutsa, ya tsinto gutsattsarin, ya zuba a bokitin ruwan teku.

"Baba, wallahi bai sani ba..."

"Yaron tsibirin nan tun yana rarrafe ya san ba a taka murjani. Wannan za ki kawo min gida?"

"Ina son sa, Baba!"

Efrain ya hau kwalekwalen da ƙyar, jini na tsattsafowa a tafin ƙafarsa. Ya jawo bokitin.

"Baba, in aka ɗaure su a igiya za su kama?"

Tsohon ya harare shi, sannan ya wurga masa igiyar. Har rana ta karkata suna ɗauri, ba mai kallon wani. Yaritsa kuwa tana ta sintiri ƙarƙashin ruwa tana kafawa, tana haɗiye kukanta.

Da suka gama, Don Wilfredo ya goge hannu.

"Na ba ka ita."

Yaritsa ta dafe ƙirji.

"Amma biki sai ranar da waɗannan suka kai tsayin da ka same su."

"Baba! Abin da ba ya ƙaruwa fiye da tafin hannu a shekara?" in ji Yaritsa.

"Na amince," in ji Efrain da sauri. "Rabin raina, kofi ma sai an shekara ana jira. Na iya haƙuri."

Ta cilla masa gilashinta a ƙirji, dariya da hawaye a haɗe.

"Kai ka iya! Ni wa ya tambaye ni?"