Sakin Layi Uku na Wendell

Duk wanda ya taso a layinmu na kudancin Chicago ya san gidan Mama Odessa mai koren baranda. Yanzu a rufe yake. Manya ba sa son a tambaye su dalili, amma wanda ya iya kasa kunne yakan tsinci labarin kaɗan-kaɗan, kuma ga yadda ya haɗu.

Ɗanta Wendell Pryor shekara bakwai ya yi a kamfanin da ke tura ma'aikata su gyara wa manyan kamfanoni tsarin kwamfutocinsu. Aikin ba laifi. Abin da ke ci masa rai shi ne ɗakin da ake ba su duk inda suka je: can ƙasan gini, babu taga, kusa da injin ɗumama. Su kuwa masu ba shugabanni shawara, yara ƙanana cikin kwat, hawa na talatin ake kai su. Sau da yawa abin da Wendell ya gano ne suke ɗauka su haska a allo, a tafa musu.

Hanyar zuwa hawa na talatin ɗaya ce, ta babbar makarantar kasuwanci. Sau biyu ya nema, sau biyu aka ba shi haƙuri. Jarrabawa ba ta dame shi ba. Maƙalar da ake nema ce ke kayar da shi, tambaya ɗaya tak: mene ne ya fi komai daraja a wurinka, kuma don me?

"Ka rubuta musu burodin masarar Mama mana," in ji matarsa Noreen, tana tsefe wa 'yarsu Junie kai. "Ai shi kaɗai na taɓa ganin ka yi faɗa a kansa."

"Ba ki gane ba. So suke ka ce za ka gyara duniya."

"Kai da ka kasa gyara famfon kicin?"

Bai yi dariya ba. Washegari wani tsohon abokin aikinsa, Rudy, wanda ya riga ya haye, ya miƙa masa kati. "Wannan mutumin ya taimake ni da tawa maƙalar. Sai dai, mutumina..." Ya shafa yatsansa, inda zoben aure ya saba zama. "Ka je dai ka gani."

Ranar Asabar da hantsi Wendell ya hau matakalar da ke bayan wani shagon wanki. A ƙofa an rubuta: Ambrose, mai shirya ɗalibai. Yana shiga ya ji sanyi ya kama masa haƙora, ga shi tsakiyar bazara ake. Tagogin an lulluɓe su da baƙin yadi. Daga rufin ɗakin katunan shaidar aiki ne rataye da igiyoyinsu, ɗaruruwa, suna juyawa a hankali ko da yake babu iska, kuma hoton da ke kan kowanne ya koɗe har fuskar ta ɓace. A jikin bango an jera ƙananan akwatunan tafiya masu taya, kowanne da jan kyandir a kansa. A tsakiya akwai tsohuwar durowar ƙarfe ta ajiye takardu, an shafa mata wani abu baƙi mai ƙarni. Wendell ya rantse daga baya cewa durowar tana numfashi.

Mista Ambrose tsoho ne siriri, kwat ɗinsa a goge, muryarsa a ƙasa. Ya karanta maƙalar Wendell tsaye, ya ninke ta.

"Ƙarya ce daga farko har ƙarshe."

"Kowa haka yake rubutawa, yallaɓai."

"Shi ya sa kowa yake ɗakin ƙasa. Zauna. Za ka rubuta min ta gaskiya, da hannunka. Ita za ka bar min. Ni kuma in ba ka wadda za ka aika musu."

"Nawa ne?"

"Ba na karɓar kuɗi."

"To me kake karɓa?"

"Na faɗa maka. Abin da ka rubuta, nan zai zauna."

Wendell ya dubi katunan da ke lilo a saman kansa. Zuciyarsa ta ce ya tashi. "Ni me zan samu?"

"Daga yau duk abin da ka faɗa, karɓa za a yi. Babu ƙofar da za ta sake rufe maka." Tsohon ya ɗan karkata kai. "A irin kamfanin da kake so, ƙarin girma nawa ne kafin mutum ya zama cikin masu kamfanin?"

"Uku."

"Madalla. Ba ni yatsanka."

Ya soke shi da allurar maƙale takardu, ya ɗiga jinin cikin kwalbar tawada, ya kaɗa. Wendell ya ɗauki alƙalami. Abin mamaki, bai tsaya tunani ba. Ya rubuta mahaifiyarsa, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana tuƙa bas don kada ya bar makaranta. Ya rubuta Noreen, wadda ta aure shi lokacin da katifarsa a ƙasa take. Ya rubuta Junie, mai shekara huɗu, da ke ɓoye masa takalmi duk ranar da zai yi tafiya. Sakin layi uku. Har da ƙwalla ya yi, yana ganin bai taɓa rubuta abu mai kyau haka ba. Mista Ambrose ya ja durowa, ya sa takardar, ya rufe. Kyandirori suka mutu lokaci ɗaya.

Makarantar ta karɓe shi. Bayan shekara biyu, manyan kamfanonin ba da shawara suka yi ta rububinsa. Ya zaɓi wanda ya fi, ya shiga rayuwarsu: jirgin safiyar Litinin, dawowa Alhamis. Ya sayi gida a bakin tafki, ya canza wa Mama Odessa rufin gida. A kamfanin doka ɗaya ce kowa ke tsoro, ko ka hau ko ka fita. Bayan 'yan shekaru a kan mataki, ko a ɗaga ka ko a sallame ka. Wendell bai taɓa jin tsoronta ba.

Ranar da aka yi masa ƙarin girma na farko, ƙarfe uku da kwata, ya kira mahaifiyarsa don ya yi mata albishir. Wayar ta yi ta ƙara. Maƙwabciya ce ta same ta a kicin, cokali a hannu, tukunyar wake na tafasa. Likita ya ce zuciya ce. Wendell ya yi kuka, ya ce tsufa ne, ya koma aiki ranar Litinin.

Shekara uku bayan nan aka yi masa na biyu. Ya dawo gida Alhamis da furanni, ya tarar da Noreen zaune a bakin ƙofa da akwatin tafiya mai taya a gefenta.

"Ina zuwa haka, uwargida?"

Ta dube shi da ladabi, kamar baƙo. "Malam, an kira jirginmu?"

"Noreen, ni ne."

"Tun safe nake jira. Sun ce in zauna nan." Junie ta fito daga ɗaki, idanunta jajur. Noreen ta yi mata murmushi. "Yarinya, ina mamanki? Bai kamata a bar ki ke kaɗai a nan ba."

Ba ta sake gane su ba. Har yau tana wani asibiti a wajen gari, tana jiran jirgi.

Sai a lokacin Wendell ya ƙirga: ƙarin girma biyu, rashi biyu. Ya hau matakalar shagon wanki da gudu. Mista Ambrose bai tsufa ko da kwana ɗaya ba. Bai ma tambayi abin da ya kawo shi ba, ya ja durowa ya nuna masa takardar. Sakin layi biyu na sama sun goge fes, kamar ba a taɓa rubutu a wurin ba. Na ukun yana nan, jajir.

Wendell ya durƙusa. "Ka ɗauke ni a madadinta."

"Ba ka rubuta kanka ba. Na lura da hakan tun ranar, har na ce wannan mutumin kirki ne."

"Ka karɓe komai. Gidan, aikin, komai."

"Waɗannan ai naka ne, ni na ba ka. Me zan yi da su?"

"To ba zan hau ba. In ban hau na uku ba, ba ka da iko da ita."

"Haka ne," in ji tsohon, yana rufe durowa a hankali. "Gwada."

Ya gwada. Allah ya sani ya gwada. Dokar da ke hana abokan aikinsa barci ita ta zama fatansa: a sallame shi. Ya shiga taron shugabannin wani kamfanin abinci, ya haska musu farin allo babu komai a kai, ya tsaya shiru minti goma. Shugaban ya share ido, ya ce bai taɓa ganin wanda ya nuna musu halin da suke ciki haka ba. Wani karon kuma Wendell ya ce wa wani attajiri a gaban mutanensa, "Kai ne matsalar wannan kamfanin, kuma ba ka da wayo." Attajirin ya rungume shi, ya sabunta kwangila. Ya daina zuwa aiki wata guda, aka yaba masa cewa ya iya sakar wa na ƙasa mara.

Ya kai takardar ajiye aiki ofishin shugabarsa, Madam Lindqvist. Ta karanta, ta yi dariya.

"Wa ke zawarcinka, Wendell? Faɗa min sunansu."

"Babu kowa. Tafiya nake so in yi."

"Kowa haka yake cewa. To ka ci nasara, ɗan duniya. Za mu matso da zaɓenka cikin masu kamfani, ba sai baɗi ba. Alhamis mai zuwa."

"Madam, ki saurare ni. In kuka zaɓe ni, 'yata za ta mutu." Ya gaya mata komai, da ɗakin, da durowar, da tawadar.

Idonta ya ciko. "Ka ga wannan labarin? Shi za ka ba sababbin ma'aikata. Kowa ya san aikin nan na cin iyali, amma ba wanda ya taɓa faɗa da kyau haka."

Ranar Alhamis bai bar Junie ta je makaranta ba. Ya jefa wayarsa cikin tafki, ya zare ta gida daga bango, ya kulle ƙofa. Shekararta goma sha uku, ta yi tsayi irin na uwarta. Ya soya mata fanke, ya ƙone rabi.

"Baba, kai da girki dai sai a hankali. Me ya faru ne? An kore ka?"

"Ina fata."

"To in an kore ka, kai za ka riƙa kai ni asibiti wajen Mama ranar Lahadi. Na gaji da bas." Ta ɗauki ƙonannen ta ci. "Ka sakar min hannu mana, da me zan ci?"

"Ci da ɗayan."

Ya riƙe ta, yana kallon agogon bango. Uku ta wuce. Uku da kwata ta wuce. Huɗu saura, ya fara jin numfashinsa na dawowa. Wataƙila sun ɗaga zaman. Wataƙila wani ya ƙi. Junie tana ba shi labarin wata malamarsu mai atishawa kamar kyanwa, har ya yi dariya.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Bai tashi ba. Wata mata ta ɗaga murya daga waje, cikin fara'a: "Saƙo ne na Mista Pryor, daga ofis. Kwandon furanni. An ce in ce maka barka."

Junie ba ta ƙarasa labarin ba. Hannun da ke cikin nasa ya yi sanyi, irin sanyin ɗakin nan na saman shagon wanki.

Wendell Pryor yana nan da ransa. Masu aiki a filin jirgi suna ganinsa duk safiyar Litinin, ya rame, gashi duk furfura, yana jan akwatinsa. Wani lokaci da takalmi ƙafa ɗaya, yana tambayar mutane ko sun ga inda yarinyar ta ɓoye ɗayan. A ɗakunan taro ba ya faɗin komai sai sunaye uku, yana maimaitawa, manyan mutane kuma suna rubutawa suna gyaɗa kai. Ba za su taɓa sallamarsa ba.

Ku da kuke ɗakin ƙasa kuna hangen hawa na talatin, nema ba laifi ba ne. Amma duk wanda ya yi muku alkawarin hawa ba da guminku ba, ya ce kuma ba ya son kuɗi, ku sauko daga matakalarsa tun ƙafarku na ɗaukarku. Wendell ya san amsar tambayar maƙalar nan tun farko. Tana kicin ɗinsa, ana tsefe mata kai. Kwaɗayi ne ya sa ya rubuta ta ya miƙa wa baƙo.