Notin da Ya Ƙi Ɗauruwa

Turo babur ɗin ya yi har ƙofar garejin, irin dogon nan na shiga daji mai shan fetur haɗe da man inji, ga jarkokin zuma ɗaure a bayansa. Auta, ƙaramar 'yar mai garejin, tana tsugune tana wanke sifanu da kananzir. Tana ɗagowa, bawan Allah ya manta sallamar da ya ɗauko.

"Lafiya, Mai Zuma?" ta ce tana danne dariya.

"Ƙarfinsa ne ya tafi. Da kaina na ɗaure murfin injin, amma sai huci yake ta gefe."

Ta leƙa, ta riƙe haɓa. "Ai kokawa ka yi da shi. Ka matse noti ɗaya har ƙarshe kafin ka taɓa sauran, murfin ya karkace. Kaɗan-kaɗan ake bi, ka taɓa wannan, ka tsallaka na gabansa, ka yi ta zagayawa har su zauna tare."

Bai ji rabin bayanin ba, bakinta kawai yake kallo.

Daga ranar babur ɗin nan bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba, ko kuwa dai mai shi ne ba shi da ita. Yau birki, gobe sarƙa. Auta ta gane, ta ƙyale shi, don ita ma ƙarar injinsa take jira tun daga nesa.

"Autata," ya rubuto mata wata safiya, "ina kan tudu, gajimare na ƙasa da ni. Da kina nan da na ɗebo miki."

"Ɗebo min zuma dai, sarkin daɗin baki. Ka kula min da kanka."

Da maganar aure ta isa gaban Baba, ko kai bai ɗago daga injin da yake kwancewa ba.

"Na ga aikin hannunsa ranar farko. Bai san inda ake tsayawa ba. Ba zan ɗauki 'yata in sa a hannun nan ba." Shi Baba hankalinsa na kan maƙwabcinsu mai shagon kayan gyara, mutum mai sanyi, wanda Auta ke gaisarwa da ladabi kawai.

Mai Zuma ya ɗauke ƙafa. Auta ta rame, ta ɗauka ya haƙura da ita ne, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Shi ke nan ka gudu?" ta tura masa.

"Ina zan je, zumar raina? Mataccen inji na samo, kullum ina kwancewa ina ɗaurewa. Roƙar min Baba ya duba hannuna sau ɗaya."

Ta roƙa har Baba ya gaji. Ya jawo tsohon babur ɗinsa daga lungu, murfin injin a cire, ya miƙa wa saurayin wata sifana mai yin ƙas idan noti ya kai iyakarsa.

"Mayar da murfin. In ya tashi ba huci, mu yi magana."

Mai Zuma ya goge haƙoran kowane noti, ya fara sa su da yatsu, sannan ya ɗauki sifana yana tsallakawa daga gefe zuwa gefe. Ƙas. Ƙas. Auta na jingine da ƙofa, idonta na kan hannunsa.

A kan na ƙarshe hannunsa ya tsaya. Notin ya yi laushi, yana juyawa ba ya kamawa. Da zai bar shi a haka ya yi shiru, wataƙila injin ya tashi, ba wanda zai sani sai an shiga daji.

Ya kalli Auta. Sannan ya ajiye sifanar.

"Baba, ba zan iya ƙarasawa ba. Haƙoran wannan sun cinye. In na ƙara matsawa zai tsinke, in na bar shi zai saki a hanya."

Hawaye ya zubo wa Auta, don a ganinta komai ya ƙare.

Baba ya sunkuya, ya murɗa notin da yatsu biyu.

"Kai, ashe ya mutu ban sani ba," ya ce a hankali. "Da ni zai kayar." Ya miƙe yana goge hannu da tsumma. "Ɗana, ka turo manyanka."

Ranar da za a kai amarya, Baba ya sa musu albarka. Ya kama hannun Auta zai miƙa, sai hannun nasa ya ƙi saki. Mai Zuma bai ja ba, ya tsaya yana jira kansa a ƙasa.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya," Baba ya ce daga ƙarshe, ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.