Cokali Mai Jan Zare

Falon ya cika da akwatuna, kowanne baki a buɗe. Mama na zaune a kan darduma tana ninke mayafanta, amma idonta na kan surukarta da ke durƙushe gaban ƙaramin akwati tana jera kaya: 'yar tukunya, faranti, katakon yanka, da wani cokalin katako da ta ɗaura wa jan zare a wuya.

"Amarya, wai ƙasar da za mu je ba su da tukwane ne?"

"Suna da su, Mama," ta ce, kanta a ƙasa. "Nawa ne dai ba sa haɗuwa da na kowa. Cokalin katako yana riƙe fulawa a tsagunsa ko an wanke shi."

"Ikon Allah! Yau ga cokali da sarƙar wuya."

Auta ya fashe da dariya daga bakin ƙofa. "Mama, ki bar min matata ta shirya, kar mu yi misin ɗin jirgi."

Shi ne ɗan Mama na ƙarshe, injiniya ne, kamfaninsu ya tura shi kwas ƙasar waje. Ya ce ba zai tafi ya bar amaryarsa ba, kuma ya daɗe da yi wa Mama alkawarin hawa jirgi, sai ya haɗa tafiyar da su duka biyun. Ita Amarya tana da ciwon da likitoci ke kira siliyak. Akwai wani abu a cikin alkama da sha'ir mai suna gulutin, da zarar ya shiga cikinta sai ya dinga cinye mata bangon hanji. Auta ya san da haka tun suna neman aure. A lokacin har tsokanarsa ake yi, domin wasu samari na kai wa 'yanmatansu kek, shi kuwa yana tsaye a kanti yana karanta bayan kwalin biskit kamar mai shirin jarrabawa.

Mama ma ta sani, amma da kunne kawai. Kar kuma a ga laifinta da yawa: da fulawa ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mahaifinsu. Biredi da kek take gasawa tana kai wa shaguna, har yau hannunta da tabon tanda. To, yaya za a yi a ce mata abin da ya biya kuɗin makarantar Auta guba ne ga matar Auta?

A jirgi aka fara. Ma'aikaciyar ta kawo wa Amarya tire na daban tun kafin a ba kowa, da takarda manne a jiki.

"Su Amarya manya," in ji Mama. "Har a sama an san da zamanki."

Amarya ta yi murmushi, ta ɗauki ayabarta ta miƙa wa Mama.

Gidan hayar da aka ba su ɗaki biyu ne da ɗan kicin wanda mutum biyu ba sa juyawa a ciki sai sun gogi juna. Amarya ta ware wa kanta ɓangare guda na teburin girkin, ta goge shi tas, ta jera kayanta. Injin gasa biredi kuwa ko taɓa shi ba ta yi. Mama tana kallo, tana haɗiye magana. A gida kowa da muhallinsa, ba ta taɓa ganin abin da idonta haka ba. Yanzu duk sanda ta yanka biredi, sai ta ji yarinyar ta biyo bayanta da tsumma.

Ranar da Auta ya kai su gidan abinci, nan abin ya kai wa Mama wuya. Amarya ta nuna wa mai kawo abinci wayarta, inda aka rubuta bayanin ciwonta da yaren ƙasar. Ya karanta, ya shiga ciki, ya dawo. Ta tambaya ko a man da ake soya kifi mai fulawa ake soya dankalin. Ya sake shiga, ya dawo yana gyaɗa kai. Ta tambayi romon naman. Har mai dafa abincin ya fito da farar hularsa. Mutanen teburin kusa suka fara waiwaye. A ƙarshe dai farar shinkafa ta ci da dafaffen ƙwai.

"Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige," Mama ta faɗa wa aminiyarta Mai Turare a waya washegari. "Yarinya ta tsayar da gidan abinci guda a kan shinkafa gaya!"

"Iyayi ne, ƙawata, iyayin 'yan boko. Mu da muka tashi wa ya taɓa jin wani siliyak? Jiki da sabo yake. Ki dinga ɗan barbaɗa mata a miya, kaɗan-kaɗan, ba za ta sani ba. Ranar da za ku dawo sai ki ce mata, to ga shi kin ci, me ya same ki?"

Mama ta ajiye wayar. Ta tuna yadda ta koya wa Auta cin wake yana yaro, cokali ɗaya yau, biyu gobe. A ranta ba mugunta ta ƙulla ba. Gani take za ta 'yanta yarinyar daga wahala, ta 'yanta ɗanta daga karatun kwali.

Sai ta ce ita za ta riƙa yi wa Amarya miya, a tukunyar Amaryar, da cokalinta mai jan zare. Farin cikin da Amarya ta yi ranar har da ƙwalla.

"Mama, Allah ya saka da alheri. Na daɗe ina sha'awar girkinki."

Mama ta kau da kai. Da yarinyar ta fita, ta buɗe gwangwanin fulawa, ta ɗebo da bakin cokali mai jan zare, ta kaɗa a miyar.

Ba a daɗe ba cikin Amarya ya fara kumbura. Ta riƙa zaryar banɗaki tana sakin famfo don kar a ji. Bakinta ya yi ƙuraje, idonta ya faɗa, in ta hau matakala sai ta tsaya ta dafa bango. Auta ya ce canjin ruwa ne. Ita kanta ta zargi man shanun da ke firiji, ta daina taɓa shi. Mama ta ce a ranta, jikin ne ke kokawa kafin ya saba.

Wata rana da hantsi Amarya ta shigo kicin neman ruwa, Mama ta yi saurin rufe gwangwanin. Yarinyar ta tsaya. Ta ɗauki cokalinta, ta ƙura wa wuyansa ido. Jan zaren ya yi fari da gari. Ta ɗago ta dubi Mama, kallo ɗaya, babu faɗa a cikinsa. Sannan ta ajiye cokalin a hankali, ta sha ruwanta, ta fita.

Ba ta gaya wa mijinta ba. Ta dai daina cin miyar, ta koma dafa shinkafa a kwanon silba tana ci da ayaba.

Shi kuwa Auta abin da ya gani daban ne. Ya ga uwarsa, da ciwon gwiwarta, tana tsayuwa a kicin don matarsa, matar kuma tana ture kwanon. Ana gobe bikin ba su satifiket, suna zaune cin abincin rana, ya kasa daurewa.

"Me ya sa ba ki taɓa miyar ba?"

"Na ƙoshi, Yallaɓai."

"Kin ƙoshi da ayaba? Plis, kar ki maida ni yaro. Na tsaya miki a gaban kowa, na yi faɗa da 'yan'uwana a kanki. Amma wannan ba ciwo ba ne, wannan ƙyama ce! Mama, akwai alkama a miyar nan?"

Mama ta juya. Ta dubi bango. "Wace alkama kuma?"

"Kin ji ko? To wallahi in abincin uwata ya fi ƙarfin bakinki, muna sauka gida ki wuce gidanku ki huta."

Amarya ta dube shi hawaye na zuba. Ta juya ta dubi Mama, ta jira. Mama ta ci gaba da kallon bango. Sai yarinyar ta jawo kwanon, ta ce bismillah, ta cinye tas.

Har yau in Mama ta tuna ƙarar cokalin nan a kan kwano, abinci fita ranta yake.

Washegari da safe Auta ya sa kwat ɗinsa, Mama ta ɗaura sabon mayafi, suna ta jiran Amarya. Sai suka ji faɗuwar abu a banɗaki. A ƙasa suka same ta, leɓɓanta sun bushe, jikinta kamar tsumma, tun asuba take amai da gudawa ba ta tashi kowa ba.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Likitar, wata dattijuwa mai gilashi, tana magana da yaren ƙasar, Auta na fassarawa. Don haka duk abin da Mama ta ji, daga bakin ɗanta ta ji shi.

"Ta ce jininta ya yi ƙasa… ta ce wannan ramar da ƙurajen ba aikin rana ɗaya ba ne, abin ya jima yana shiga cikinta… ta ce babu wani sabo a ciwon nan, ɗan kaɗan kullum shi ne ma ya fi ɓarna. Tana tambaya wa ke yi mata girki."

"Ni ce," Amarya ta yi saurin cewa, muryarta da ƙyar take fita. "Ni na yi sakaci. Na ci wani biskit ban karanta kwalin ba. Sori, Yallaɓai, na ɓata maka ranarka."

"Biskit? Ke da kike tsayar da gidan abinci guda?" Auta ya dafe kai. "Kin san abin da kika jawo mana kuwa?"

"Auta, rufe min baki!"

Duk suka juyo. Mama ta miƙe, mayafinta ya zame.

"Ƙarya take yi don ta rufa min asiri. Ni ce. Ni na dinga zuba mata fulawa a miya, wai jikinta ya saba. Ta kama ni, ba ta faɗa maka ba. Jiya da ka tambaye ni na yi maka ƙarya, ta san abin da ke cikin kwanon ta ci, don kar ta ƙaryata ni a gabanka. Fassara wa likitar! Ka faɗa mata duka!"

Auta bai iya fassarawa ba. Ya zame ya durƙusa a gefen gadon, ya kifa fuskarsa a hannun matarsa yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Ki yafe min… ni na tura miki kwanon da hannuna."

Mama ta durƙusa ta kama ƙafar gadon. "'Yar nan, ban da bakin da zan roƙe ki."

"Haba Mama, tashi don Allah. Na san ba cutar da ni kika nufa ba."

"To me ya sa kika ci? Me ya sa ba ki tona ni ba?"

"Da na faɗa, da wane ido zai sake kallonki? Da ke ya zo duniya, ni jiya ya same ni."

"A'a," in ji Mama tana share fuska. "Daga yau ko ni ce, ki ture kwanon. Kunyata ba ta kai lafiyarki ba."

Bikin satifiket ya wuce babu ko ɗayansu. A cikin ambulan ɗin wasiƙa aka aiko wa Auta takardarsa.

Da aka sallame su, Mama da kanta ta kwashe fulawar gidan ta kai bola. Tsohon cokalin ma ta jefar, ta sa Auta ya kai ta kanti ta sayi sabo, ta zare jan zare daga gefen mayafinta ta ɗaura masa. Ta sa aka nuna mata alamar zangarniyar alkama da aka ja wa layi, wadda ake bugawa a jikin kwalin abincin da babu gulutin, tun da ita karatun yaren ba ta iya ba. Mai Turare ta kira tana tambayar ko dabara ta ci, Mama ta ce mata, "Ta ci, saura kaɗan ta ci min 'ya," ta kashe wayar.

A jirgin dawowa aka manta da tiren Amarya. Ma'aikaciyar ta ba da haƙuri, ta miƙo biredi. Mama ta tare da hannu.

"A'a! Auta, gaya mata 'yata ba ta cin wannan."

Ta buɗe jakarta ta fito da roba: shinkafa da kaza, ita ta dafa da safe, da sabon cokali. Amarya ta karɓa da hannu biyu. Amma kafin ta kai loma baki, hannunta ya ɗan tsaya, tsayuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ita kanta ba ta san ta yi ba. Sannan ta ci, ta ce ya yi daɗi.

Mama ta gani. Ta juya wajen taga don kar su ga idonta.

Jikin Amarya ya ɗauki watanni kafin ya dawo. Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba: ta sami miji da ba ya sake ɗaga mata murya a kan abinci, da uwa da ke shiga kicin ɗin kowane gidan biki ta bincika tukunya kafin a zuba wa 'yarta. Sai dai wannan 'yar tsayuwar hannun tana nan, kuma Mama ta san ita ta dasa ta.

Iyaye 'yan'uwana, ciwon da ba mu san sunansa ba a zamaninmu ba shi ne ya zama ƙarya ba. In yaro ya ce abu na cutar da shi, mu yarda da shi, kar mu gwada shi a ɓoye. Ku kuma 'yanmata, haƙuri abu ne mai kyau, amma ban da haɗiye abin da zai kwantar da ku. Hanji yakan warke. Yardar da aka zuba wa gari ita ce mai wuyar wankewa.