Jan Biro a Kan Aikin Dogo

Ranar da ya fara shigowa ɗakin gwaji sai da ya sunkuya don kada ƙofa ta buge masa goshi, daga nan kowa ya bi shi da Dogo. Ita kuwa an daɗe ana kiranta Jan Biro. Ta ɗago daga kwamfuta ta dube shi, shi kuma ya tsaya ya manta abin da ya kawo shi.

Kamfaninsu na haɗa wakilin AI ne, wato manhajar da za ta riƙa kula da firjin ajiyar jini na wani asibiti ba tare da mutum ya tsaya a kanta ba. Wakilin nan bai san komai game da kayan aikin da aka ba shi ba, sai abin da aka rubuta masa a bayaninsu. Dogo ke rubuta bayanan, Jan Biro ke auna su kafin a sake su.

Tun yana raka ta bakin titi har ya san kwanar gidansu. Da yamma saƙonsa kan shigo:

"Malamata, yau maki nawa na ci?"

"A aiki ka haye, Dogona. A surutu ka faɗi warwas."

Baba, mahaifinta, shi ne bai yi na'am ba. Ya ce yaron yana da ladabi, amma har yanzu ɗan gwaji ne a wurin aiki. In an tabbatar da shi ya turo manyansa, in ba a tabbatar ba kada a sake tayar masa da zancen. Ga kuma Oga, shugaban sashensu, wanda ya fara aiko da gaisuwa gidan ta hannun kawunsa. Tabbatar da Dogo kuwa ya rataya ne a kan wannan aiki na asibiti.

Ana saura kwanaki a miƙa aikin, bayanin kayan kashe firji ya iso teburinta. Dogo ya rubuta cewa yana kashe firjin da aka zaɓa don a yi masa gyara. Gajere ne, a tsabtace. Ta buɗe asibitin gwaji da ke cikin kwamfuta, ta gaya wa wakilin cewa wani firji na ƙara, ba ta faɗi lambarsa ba, kamar yadda ma'aikaciyar jinya mai sauri za ta yi.

Wakilin bai tambaye ta wanne ba. A kan allo korayen fitilu suka fara komawa ja, ɗaya bayan ɗaya, har layin ya ƙare. Ashe in ba a ba da lamba ba, duka firjin yake kashewa, kuma bayanin bai faɗa ba. Ta sake gwadawa, haka ya sake yi. 

Ba ta ji shigowar Oga ba sai da inuwarsa ta faɗo kan allon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Ni ban ga komai ba. Ki sa ya gyara a ɓoye, ki wuce da shi. Tsakanina da ke ai ba a haka."

Ta san wannan alheri igiya ce, ranar da ya ga dama zai ja. Ta kuma san in ta rufe wannan, babu mai komawa ya binciki sauran bayanan Dogo, alhali jinin mutane za a damƙa musu. Ta tuna sharaɗin Baba, ta share idonta da gefen mayafi, ta rubuta cewa bayanin bai ci ba.

Kafin a tashi aiki zance ya zagaye ofis, har ana cewa hanya ta share wa Oga. Wayarta ta yi ƙara.

"Da kin kira ni gefe kawai. Ko dai abin da ake faɗa gaskiya ne?"

"Dogona, kada ka yanke mini hukunci daga nesa. Zo ka gani."

Ya zo fuska a ɗaure, ya ƙi zama. Ba ta yi masa gardama ba, ta maimaita gwajin a gabansa. Ya bi fitilun da ido har ta ƙarshe ta yi ja, sannan ya jawo kujera a hankali.

"Da a asibitin gaske ne fa?"

"Da jinin ya lalace, wani yana kwance yana jira."

Ya nemi gafararta. Ya koma ya bi bayanansa kaf, ya rubuta wa kowanne abin da yake yi, da lokacin da bai kamata a taɓa shi ba, da abin da zai faru in an bar gurbi. Ita kuma ta sanar da hukumar kamfani abin da ke tsakaninsu, aka ba wata dattijuwa aikin ta auna. Aikin ya ci. Duk da haka Oga ya sa hannu aka ƙara masa wa'adin gwaji, ba a tabbatar da shi ba.

Da ƙafarsa Dogo ya je ya gaya wa Baba. Tana bayan labule ita da Mama, suna saurare. Baba ya tambaye shi wa ya kayar da shi.

"'Yarku ce, Baba."

"Kuma ka dawo?"

"Gaskiya ta faɗa. Ita nake so ta riƙa faɗa mini."

Mama ta damƙe hannunta. Can Baba ya yi gyaran murya, ya ce shi tabbaci ya nema, ya kuma samu, ko da ba na ofis ba ne. Ya ce a turo manya.

Ranar da aka ɗaura auren, Baba ya haɗa su ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa gaskiya ta zama rufin gidansu. Mama na hawaye ta amsa da amin.