Busar Sallama

Mijina Vicko ba ya nan. Babu gawa, babu kabari.

Ba zan zagi mutanen jami'a ba. Sun mai da tsohuwar rumfar jiragen ruwan tsibirinmu gidan tarihi, baƙi suka fara zuwa, samarinmu suka daina gudu birni. Ɗalibansu sun ɗauki Vicko a na'ura yana busa katantanwar teku, yadda ake kiran masunta gida in hazo ya rufe. Doguwar busa uku, a ɗan jira, sai gajera ɗaya. Gajerar ita ce sallama: masu rai su shigo, waɗanda ruwa ya ci su koma.

Ran da aka fara sa busar a lasifika, na kai masa rigar sanyi da almuru, don shi ke gadin wurin.

"Tsoho, saura kai su saka a gilashi," na ce.

"Da ke za a fara, kin fi ni zama kayan tarihi."

Lasifika ta busa. Ɗaya. Biyu. Uku. Muka jira.

Shiru.

"Jerka," ya ce min ƙasa-ƙasa, "yaran nan sun yanke ƙarshen. Sun zaci na gama."

Daga cikin hazo aka amsa. Ba bakin mutum ɗaya ba.

Warin ruɓaɓɓiyar ciyawar teku ya danne na kwaltar jirage. Sai ƙarar tuƙin kwale-kwale, a jere, babu gaggawa.

Vicko ya ruga wurin katantanwarsa. Tana cikin akwatin gilashi mai kauri, makullin yana birni. Ya doka da hannu, ya doka da kujera. Ko tsagewa.

Ana hawowa matakalar bakin ruwa. Jiƙaƙƙun sawu.

"Zan gaya musu da baki," ya raɗa min. "Da ƙanena a cikinsu. Zai ji maganata."

Na cafke rigarsa. Wani hannu mai sanyi ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ana karɓar wuƙa a hannun jariri.

Na gudu. Ban waiwaya ba.

Mutanen jami'a sun cire lasifikar, sun ba ni katantanwar, sun ba ni haƙuri. Amma duk ranar hazo ana busawa daga teku, kullum ƙara matsowa suke, kuma na san numfashin ɗaya daga cikinsu. Maƙwabta suna ta roƙona in yi sallamar. Na iya. In na busa, har da Vicko za su tafi.

Ya Ubangiji, ka ba ni ƙarfin sakinsa kafin su iso ƙofar wani. Ku taya ni da amin.