Maganin Auta

Hutun bazara ne ya kai su tsohon birnin, ita da maigidanta da yara. Suna cikin yawon ganin ganuwa da kasuwanni sai zazzaɓi ya kwantar da Auta. Da duhu ya shiga ta bar shi a otal wajen babansa, ta fita neman kantin magani.

Wannan lungu ya miƙa ta ga wancan, har kiɗa da hayaniyar jama'a suka ɗauke. Can ta tarar da wani mutum cikin doguwar riga, tsaye a gindin bango.

"Malam, don Allah ina ake sayar da magani?"

"Biyo ni," ya ce, bai juyo ba.

Ta bi shi. Takalminta na ƙara a kan duwatsun titi, nasa kuwa shiru. Warin ɗanyar ƙasa ke tashi daga jikinsa.

"Yarona ne ba lafiya. Da sauran nisa?"

"Na sani. Daga wajensa nake."

Ya tsaya. Rigarsa ta motsa daga ƙasa, wasu ƙananan yatsu suka leƙo suna riƙe da gefenta.

"Mama," in ji muryar Auta, "jikina ya daina zafi."