Matar da Ta Goya Hannu a Baya

"Ɗauka Mama. Saura kaɗan, wallahi saura kaɗan!"

Kofin shayin na kan ɗan tebur, tsakaninsa da hannun Mama na dama bai fi taƙi ɗaya ba, amma ga tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye wannan tazarar tafiya ce mai nisa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Yatsunta suka ja jiki a kan teburin suna karkarwa har suka taɓa kunnen kofin. Matar ɗanta tana durƙushe a gabanta, ta goya hannuwanta biyu a baya ta matse su gam.

'Yar Gashi ake ce mata a gidan, don gashin ƙashi ta karanta a jami'a, wato aikin motsa gaɓoɓin wanda ya karye ko ya shanye har su koma aikinsu. Mijinta Auta, mai gyaran waya, shi ya laƙaba mata sunan tun suna neman aure. Yakan ce tunda ta iya gashin ƙashi ai gasa masa zuciya ba zai yi mata wuya ba, ita kuma ta harare shi tana dariya.

Kofin ya ɗago, ya yi rawa, ya kife a zanin Mama.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Me zan gani haka?"

Yaya Babba ce a bakin ƙofa, babbar 'yar Mama, ko takalmi ba ta cire ba. Ta yar da jakarta ta rugo ta rungume tsohuwar.

"Ke! Kina da hannu biyu lafiyayyu, kin ɓoye su a baya kina kallon uwata tana wahala da kofi?"

"Yaya, shayin ba zafi, sai da na fifita shi. Atisaye ne. In na miƙa mata yau na miƙa gobe, hannun zai manta..."

"Rufe min baki! Atisayen banza! Ni za ki yi wa iyayi?"

'Yar Gashi ta sunkuyar da kai. Ta yi ƙoƙarin bayani, kuma a nan ta yi kuskuren da ya ja mata komai. Ta ce ai Mama ta samu sauƙi sosai, har ma ta amince za ta raka ta intabiyu. Digiri na biyu take nema a fanninta, kuma ƙa'idar sashen ita ce duk mai nema ya zo da majinyacin da yake kula da shi, ya nuna wa malamai yadda yake aiki da shi.

Yaya Babba ta saki baki, sannan ta tafa hannu. "Ayyo! Yanzu na ji magana. Ashe admishan ake nema da uwarmu! Ita ce ɓeran gwajinki ko? To wallahi ba a haife ki ba!"

Mama ta buɗe baki za ta yi magana, amma ciwon ya riga ya ɗaure mata harshe, sai wani sauti ya fito marar kai. Haushin hakan ya sa hawaye suka zubo mata. Kaico! Daidai lokacin Auta ya shigo cin abincin rana, abin da ya fara gani shi ne mahaifiyarsa tana kuka, zaninta a jiƙe, matarsa a durƙushe ba ta ko taɓa ta ba.

Auta yaron kirki ne, amma a gaban Yaya Babba ba shi da ƙashin baya ko na sisi. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ba ta taɓa barinsa ya manta ba.

Ya ja matarsa ɗaki ya rufe ƙofa.

"Gaya min gaskiya. Kullum haka kike mata in na fita?"

"Kullum. Kuma ka sani, na yi maka bayani tun farko."

"Kin ce atisaye, ba ki ce kuka ba!"

"Yallaɓai, ka ɗauka ni daɗi nake ji? Ka duba nan." Ta miƙa masa hannunta, ga shatin farce a tafin inda take matsewa. "Duk lokacin da ta miƙa hannu ji nake kamar in fizgo kofin in ba ta a baki. Don haka nake ɓoye su a baya. Da wata ce daban da ban sha wannan wahalar ba."

Ya kalli tafin, idonsa ya kawo ruwa. Sai muryar Yaya Babba ta ratso ƙofa: "Auta! Ka fito ka zaɓa, ko uwarka ko wannan marar imanin!"

Ya saki hannun. "Sori... ki je gida tukuna, ki bari ƙura ta lafa."

"Ni za ka ce in tafi gida?"

Ya kau da kai. Kafin la'asar an sa Mama a mota an tafi da ita gidan Yaya Babba. 'Yar Gashi ta haɗa kayanta a ƙaramar jaka, ta wanke kofin nan ta kife shi, ta fita tana kuka kamar ranta zai fita.

Ranar intabiyu ita kaɗai ta je. Barandar sashen cike take da masu nema, kowa da nasa majinyacin: wannan da dattijo a keken guragu, wancan da mace mai sanda biyu. Wata ƙawarta ta raɗa mata, "Ke, ga majinyata nan birjik a asibiti, ki roƙi ɗaya ki ce ke kike duba shi mana. Wa zai sani?" Ta girgiza kai. Ba za ta fara wannan karatu da ƙarya ba.

Da aka kira ta, Farfesa, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta leƙa bayanta.

"Ina majinyacinki?"

"Ranki ya daɗe, 'yan uwanta sun ɗauke ta."

"Saboda me?"

"Sun ce ba ni da tausayi."

Farfesa ta cire tabarau ta daɗe tana kallonta. "Wannan zagin kam duk mun sha shi. Sakamakonki ya yi kyau, 'yata, amma ba zan karya ƙa'ida don ke ba. Sai baɗi, in da rabo."

Shi ke nan. Ta fito ba ta ganin gabanta, ta wuce tashar mota har sai da wani direba ya daka mata tsawa. Miji ya tafi, karatu ya tafi, Mama kuma tana can ana kashe mata hannu da sunan ƙauna. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mata rai.

Watanni suka shuɗe tana gidan iyayenta. Ta rame ta yi baƙi, littattafanta suka yi ƙura a kan kabad. Wayarta ba ta rabo da hannunta, amma mai gyaran waya guda ya kasa danna kira ɗaya! Saƙo kawai yakan turo jefi-jefi, "Ya kike?" Ta amsa, "Ya hannun Mama?" Daga nan shiru.

"Ki yi haƙuri," in ji mahaifiyarta tana shafa mata kai. "Ba ki cuci kowa ba."

"Umma, haƙurina ba zai buɗe mata yatsu ba. Hannun da aka bari a kwance ƙandarewa yake yi, kuma ba ya jiran mutane su huce."

A gidan Yaya Babba kuwa gata ake yi iya gata. Kada a zalunce ta, matar nan tana son uwarta. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke ɗaga ta, ita ke kwantar da ita, ko ƙuda ba ta bari Mama ta kora da kanta. An jera mata filo dama da hagu, hannun dama kuwa an naɗe shi a tawul mai laushi an ajiye a kan cinya kamar ƙwai.

Wata rana da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidan su 'Yar Gashi. Auta ne. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya gaishe da surukarsa a durƙushe, sannan aka bar su a falo.

"Me ya kawo ka?" ta tambaya ba ta ɗago ba.

"Mama ta daina cin abinci."

Ta miƙe zumbur. "Ciwon ne ya dawo?"

"A'a. Likita ya duba ya ce ba sabon abu. Ƙi take yi. In Yaya ta kawo cokali sai ta datse baki ta kau da kai. Mun yi lallashi, mun yi kuka, a banza. Jiya ina zaune a gabanta na ce, Mama me kike so a duniya in kawo miki? Sai ta kalle ni..." Ya share hawaye. "Ta ɗaga hannunta na hagu, mai lafiyar, ta kai shi bayanta ta goya. Ta riƙe shi a can tana kallona tana hawaye."

'Yar Gashi ta toshe bakinta da gyale.

"Ke take kira. Tun tuni ke take kira, mu ne ba ma ji. Na cuce ki, na cuci Mama. Ki zage ni, ki mare ni, amma don Allah ki zo."

"Zagin me zan yi maka? Ka bar ni ranar da na fi buƙatarka, wannan ba zai goge yau ba. Amma tashi mu je."

Da suka isa gidan Yaya Babba, 'Yar Gashi ta warware tawul ɗin nan daga hannun Mama. Yatsun sun dunƙule sun nutse cikin tafi, gwiwar hannun ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa, ƙafar da a da take takawa ta saki. Ta yi ta murzawa a hankali tana gwada kowace gaɓa, Mama kuwa ta ƙura mata ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Yaya Babba na raɓe a jikin bango. "Zai... zai dawo?"

"Ƙafar za ta dawo in Allah ya so. Hannun kuwa ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya, an makara. Za mu samu wani abu, amma waɗannan ƙananan yatsun biyu da wuya su sake buɗewa."

Yaya Babba ta zame ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Da hannuna na nakasa uwata!"

"Kuka ba zai yi mana aiki ba. Kawo shayi marar zafi, ki zo ki durƙusa nan kusa da ni."

Aka kawo, aka ajiye kofin a gefen hagu tukuna, don Mama ta karya yunwa da kanta. Tsohuwar ta miƙa hannu yana rawa saboda rashin ƙarfi. Nan take hannun Yaya Babba ya zabura zai taya ta. 'Yar Gashi ta cafke shi, ta kai mata shi baya, ta haɗa da ɗayan.

"Nan za su zauna, Yaya."

"Ba zan iya ba! Wallahi ba zan iya ba!"

"Ni ma haka na ce da farko. Matse su."

Haka suka durƙusa su biyu, hannuwa a baya, hawaye na zuba, har Mama ta kai kofin bakinta ta kurɓa.

Shekarar nan ba ta zo da sauƙi ba. An yi faɗuwa, an yi fushi, akwai ranakun da Mama ke juya wa kowa baya. Tsakanin 'Yar Gashi da Auta ma sai a hankali zuciya ta sauko. Shi ya koyi rufe shago da wuri ya zo ya tsaya a bayan Mama in tana koyon taku, hannuwansa a kusa da ita amma ba ya taɓawa. Wata rana ya ce, "Yanzu kam na gasu, 'Yar Gashi," sai ga dariyar da ya daɗe bai ji ba.

Da lokacin intabiyu ya zagayo, su huɗu suka je. Mama ta shiga ɗakin da ƙafarta, da sanda, tana jan ƙafar dama. Aka ajiye kofin ruwa. Ta ɗauka da yatsu uku na hannun dama, biyun nan suna dunƙule yadda aka ce za su zauna. Rabin ruwan ya zube a tebur, babu wanda ya motsa, ta shanye sauran.

Farfesa ta matso da kujerarta. "Mama, yaya yarinyar nan take miki?"

Mama ta daɗe tana kokawa da harshenta. "Mu... mu-gu-wa ce." Sai gefen bakinta ya ɗaga da murmushi, ta miƙa hannun nan mai yatsu uku ta damƙi gefen gyalen surukarta ta riƙe. "Ku... ba ta... karatun."

Farfesa ta cire tabarau ta goge ido, ta ce wa 'Yar Gashi ta zo ta fara karatu. A baranda Yaya Babba ta rungume ta tana neman gafara, Auta kuwa sai "Alhamdulillahi" yake ta maimaitawa.

Haƙurin 'Yar Gashi ya dawo mata da mijinta da karatunta, amma bai dawo wa Mama da yatsunta biyu ba, kuma kullum Yaya Babba ta gan su sai ta sunkuyar da kai. Don haka 'yan uwa, kafin ku yanke wa mutum hukuncin rashin tausayi ku tsaya ku tambaye shi dalili. Wani mai ƙaunarka zai yi maka komai har ka kasa yi wa kanka, wani kuma zai goya hannunsa a baya yana kuka don ka tashi da ƙafarka.